A Bayyana Kuɗi, a Rufa wa Mutum Asiri

(Jawabin da wakiliyar kwamitin taimako ta gabatar a taron cikar ƙungiyarmu shekara goma, a Samaru)

Uwar ƙungiya, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, shugaba da 'yan majalisarta, mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo, 'ya'yanmu da tun safe suke jidar kujeru, 'yan uwanmu na kasuwar Samaru da waɗanda suka taso daga Sabon Gari, Palladan, Hayin Dogo da Bomo, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Kwamitin taimako ne ya ce a tashi a yi magana a madadinsa. Mu biyar ne a kwamitin, huɗu daga cikinmu kuwa a ajin yaƙi da jahilci muka koyi riƙe biro, bayan mun haura shekara talatin. To in kun ji mun yi tuntuɓe a karatun takardar nan, a yi mana uzuri. Da hannunmu muka rubuta ta, dare uku muna yi muna gogewa.

Maganarmu a kan wayar hannu ce da neman taimako. Za mu faɗi abin da waya ta yi mana na alheri, mu faɗi inda muka yi kuskure, sannan mu roƙe ku abu ɗaya.

Taimakon juna dai ba waya ce ta koya mana shi ba. Mun taso mun tarar da adashi da gudummawar biki. 'Yan uwanmu Yarabawa suna ce wa nasu ajo, Ibo suna cewa isusu, duk tafiyar ɗaya ce. In gobara ta ci rumfar wata, ko an yi mata rasuwa, sai a ɗauki kwano a bi layin 'yan tumatir, a shiga na 'yan hatsi, a fita ta na 'yan gwanjo, kowa ta jefa abin da ya sawwaƙa. Sai dai kwanon nan iyakarsa inda ƙafa ta kai. Kuma waɗanda ake roƙo su ma masu neman na cefane ne kamar mu.

Zauren WhatsApp ɗinmu a lokacin kullen korona aka buɗe shi, a 2020, sa'ad da gwamnatin Kaduna ta hana fita a ƙarshen watan Maris, taron sati ya gagara. 'Ya'yanmu ne suka buɗe mana. Abin da ya sa ya karɓu shi ne saƙon murya: wadda ba ta iya karatu ba sai ta danna ta yi maganarta, a ji ta har Basawa. Da shi muka riƙa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, a aika da mudun masara ta hannun yaro. A tsakaninmu kawai ake yi, babu na waje.

Sai 2022 ta zo. Kowa a nan ya san Samaru da jami'a take numfashi, tun da aka kafa ABU a 1962. Mai masa, mai awara, mai kitso, mai gawayi, mai ɗinki, duk ɗalibai ne kasuwarmu. Malaman jami'a suka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai a watan Oktoba. Wata takwas! Mukan kasa kaya da safe mu kwashe su da yamma kamar yadda muka kasa. Adashi ya tsaya, masu bashi suka kasa biya, mu ma ba mu da fuskar tambaya.

A tsakiyar wannan hali 'yar wata 'yar uwarmu mai sayar da abinci ta kwanta ciwo, yarinya 'yar shekara tara. Likitoci suka ce sai an yi mata aiki, da magunguna da komai za a nemi wajen naira 380,000. Muka buɗe akwatin taimako, abin da ke ciki 61,000 ne. Ba za mu ambaci sunan uwar ba, ko a nan ko a takardar da za a buga. Da izininta muke ba da labarin, ita ce ma ta ce a bayar don na baya su amfana.

Wata 'yarmu ɗaliba, da yajin aikin ya zaunar da ita a gida, ta ce, “Mama, a sa a Facebook mana. Ai a Kano akwai marubuciyar nan Fauziyya D. Sulaiman da ke tara wa marasa lafiya kuɗin magani ta nan, kuma mutane suna bayarwa.” Muka ce a gwada. Abin da ba mu tsaya muka duba ba shi ne, mai irin wannan aiki ta yi shekaru tana gina sunanta, mu kuwa rana ɗaya muka faɗa ciki babu shiri. Aka ɗauki hoton yarinyar a kan gadon asibiti, fuskarta a fili, da robar ƙarin ruwa a hannu. Aka rubuta sunanta da na uwarta da unguwarsu. Asusun ƙungiya yana nan, amma cire kuɗi a cikinsa sai an yi zama an sa hannu, mu kuma muna sauri. Sai muka sa lambar asusun ɗaya daga cikinmu, asusun da masu sayen kayanta suke tura mata kuɗi.

Wallahi abin da muka gani ya ba mu mamaki. Ashe duk ɗaliban nan da suka ci abincinmu suka watse a duniya ba su manta da Samaru ba. Saƙon ya shiga zaurukan tsofaffin ɗalibai, daga nan ya yi ta tafiya. Kuɗi ya shigo daga Abuja, Legas, Fatakwal, har daga Ingila da Saudiyya. Mafi yawa ɗari biyar ne da dubu ɗaya, mafi girma dubu hamsin. Wani ya rubuto daga Legas cewa shekara huɗu yana cin shinkafa da wake a rumfar uwar yarinyar, rabi bashi ne, ba ta taɓa tsare shi a gaban abokansa ba. Cikin kwana tara kuɗi ya cika har ya yi rara. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Yarinyar nan yau tana sakandare.

Da a nan labarin ya ƙare, da sai mu yi guɗa mu zauna. To amma abu biyu sun biyo baya.

Na farko, lissafi. Mu da hotunan rasit da mutane ke turowa a zaure muke ƙirga, muka samu 452,000. Ita kuwa mai asusun da ta haɗa abin da ta gani, ya gaza haka da fiye da dubu ashirin. Nan fa aka fara raɗa. Daga “ina sauran?” aka koma “ai dama”, daga nan sai ga magana a Sabon Gari wai ta ci kuɗin marar lafiya. Baiwar Allah nan wata uku ba ta taka taro ba. Wasu suka daina sayen kayanta. Mijinta ya ce ta fita daga ƙungiyar, kuma ba mu ga laifinsa ba. Saura ƙiris ƙungiyar nan ta rabe biyu, da yau ba mu zauna muna bikin shekara goma ba.

Malamarmu ta aji ce ta ce a je banki a karɓo takardar shige da ficen kuɗin asusun. Muka zauna da ita yamma biyu, layi bayan layi, da biro da rula. Sai ga gaskiya ta fito. Wasu sun turo hoton rasit ɗaya sau biyu, mun ƙirga biyu. Wasu kuɗin bai shiga ba, ya koma musu, amma hoton yana zaure. Rasit guda biyu ma na bogi ne, masu son a yaba musu ne kawai. Ga naira hamsin da ake cirewa a lokacin a duk kuɗin da ya kai dubu goma, ga kuɗin alat, ga ladan mai POS duk sanda aka je cirewa. Da aka gama, ko kwabo bai yi ciwon kai a hannunta ba. Ita ce ma ta cika dubu shida daga jarinta ba ta faɗa wa kowa ba. Muka ba ta haƙuri a taro, wasu har da hawaye. Amma kun san magana zarar bunu ce. Zargin ya je Sabon Gari, ban haƙurin kuwa a ɗakin taro ya tsaya. Yau a gaban mazajenmu da 'ya'yanmu muna sake wanke ta: mu ne muka ɗora mata kayan da bai kamata a ɗora wa mutum ɗaya ba. Yaya, ki ƙara yafe mana.

Na biyu ya fi ciwo, domin har yau bai warke ba. Da azumin 2023 wata 'yar uwar uwar yarinyar da ke aure a Funtuwa ta turo mata hoto tana tambaya, “Wannan ba 'yarki ba ce?” Hoton nan ne dai, amma an sauya suna, an ce marainiya ce a wani gari, an sa wata lambar asusu. Wani ɗan damfara yana bara da fuskar 'yarmu. Yaranmu suka kai ƙara a Facebook, a cire wannan, wani ya ɓullo. Mun ɗauka abin da aka ɗora a sitatus bayan awa 24 yake ɓacewa. Haka ne, amma duk wanda ya gani yana iya ajiye shi a wayarsa, kuma abin da ya shiga wayar wani ya fi ƙarfinmu. A makaranta yara suka sa mata suna 'yar Facebook. Dangin ubanta suka yi fushi, suka ce an yi tallan talaucinsu a duniya ba a ko shawarce su ba, kuma gaskiya suka faɗa, uwar kaɗai muka tambaya, ita ma a lokacin hankalinta ba ya jikinta. Ranar da muka je ba ta haƙuri ta ce mana, “Kun ceci ranta, har in mutu ina gode muku. Amma kun kwance mata zane a kasuwa.”

Wannan magana ce ta sa muka zauna muka yi wa kanmu faɗa. Muka gane cewa a juye muka yi abin. Kuɗin da ya kamata kowa ya gani mun cusa shi a asusun mutum ɗaya, yarinyar da ya kamata a suturta mun baje ta a fili. A masallaci da coci duka an koya mana cewa taimakon da aka yi cikin rufin asiri ya fi lada, mu kuma 'yan kasuwa mun san kuɗin jama'a ba ya son duhu. Daga nan muka tsara yadda muke yi yanzu. Ga shi, don kowa ya ji da kunnensa.

Kafin a rubuta komai, mata biyu daga kwamiti za su taka su je. Zumunta a ƙafa take, bincike ma haka. Su ga mai buƙatar, su ga takardar asibiti ko ta makaranta. Saƙon da aka turo mana daga wani zaure, komai ban tausayinsa, ba ma tura shi gaba in ba mu san tushensa ba.

Sai neman izini, na mai abin da na gidansu, miji ko uba ko wanda ke tsaye a kansu. A faɗa musu ƙarara cewa abin da ya hau waya ba ya saukowa. Ba ma sa fuska, ba ma sa suna, ba ma faɗin layi ko gida. In yaro ne, ko iyayen sun yarda mu ba ma yarda, domin shi ba a tambaye shi ba, kuma zai girma. Abin da muke nunawa shi ne takardar kuɗin da aka rufe sunan, ko rumfar da ta ƙone, ko buhunan da aka saya.

Asusu ɗaya ne tak, mai sunan ƙungiya. Mutum uku ke da sa hannu, sai biyu sun haɗu kuɗi ke fita. A cikin kowane saƙo muna rubutawa: in ka sa lambobin nan goma, suna zai fito kafin ka tura, in ba sunan ƙungiyarmu ka gani ba, kada ka tura.

Kowane saƙo yana faɗin nawa ake nema, ranar da za a rufe, da inda rara za ta tafi in an samu. Ranar rufewa kuma mukan sanar cewa an rufe, da kwanan wata a jiki, don kada saƙon ya yi ta yawo shekara da shekaru.

Kullum bayan isha ma'aji tana sa lissafin ranar a zaure, a rubuce, sannan ta karanta shi da murya saboda iyayenmu da waɗanda ba su shiga aji ba tukuna. Da abin da banki ya nuna muke ƙirga, mun daina ƙirga da hoton rasit. Kuɗin magani a asibiti ake biyansa kai tsaye, na makaranta a makaranta, a karɓo rasit a liƙa a littafi. Littafin yana kan teburin can, duk mai so ya buɗe.

In an gama, mukan koma wa waɗanda suka bayar mu ce ga abin da kuɗinku ya yi, mun gode. Da, da zarar buƙata ta biya sai mu yi shiru, ashe shirun nan yana kashe zuciyar mai bayarwa.

Mun san abin da wasu ke cewa, har a cikin kwamiti an faɗa: in babu hoto kuɗi ba ya shigowa. Akwai gaskiya a ciki, ba za mu ɓoye muku ba. Neman farko da muka yi babu fuska, na kuɗin jarrabawar marayu huɗu, sati uku muka yi kafin ya cika, alhali bai kai rabin na yarinyar ba. Ido shi ke jawo tausayi, haka Allah ya yi ɗan Adam. Kuma ranar da aka ce mana rai ne a kan gado, awa kaɗan ake da ita, ba mu san yadda zuciyarmu za ta yi da wannan doka ba. Muna roƙon Allah kada ya gwada mu. Amma ga abin da muka lura da shi a littafi: sunayen da suka bayar a neman marayun, su ne suka sake bayarwa a na gaba, da na gaban sa. Wanda hoto ya girgiza sau ɗaya yake turowa ya wuce. Wanda ya ga lissafi yana dawowa, har ya jawo abokinsa.

Mun ga amfanin haka a watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Ba mu da kowa a hoto, ba ma buƙata, duniya duk ta gani. Muka ce muna tara zannuwa, kayan yara da tabarmi, da kuɗin mota. Mutanen nan na Legas da Abuja suka ce tunda ku ne, ga namu. 'Yan gwanjo suka ba da dila guda. Muka aika ta hannun dangin wata 'yar ƙungiya da ke can, suka turo shaidar isar kaya, muka sa a zaure. Karon farko ke nan da matan kasuwar Samaru suka zama masu aikawa wani gari.

Sai gargaɗi kaɗan, tunda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tilasta mana duka buɗe asusu da koyon tiransifa. Alat ba kuɗi ba ne, a duba abin da ke cikin asusu kafin a miƙa kaya. Banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri. In wani ya kira ya ce daga ƙungiya ne, za a yi taro ta waya, ki karanto masa lambobi shida da suka shigo miki, kashe wayar. Da lambobin nan ake sace WhatsApp ɗin mutum, a bi 'yan uwansa ana roƙo da sunansa. Ya faru da biyu daga cikinmu. Duk wadda ta ga saƙon neman kuɗi da sunan wata, ta kira ta ta ji muryarta tukuna.

Yanzu ga roƙonmu. Duk abin nan da muka lissafa, karatu ne ke riƙe da shi. Saƙon murya zai kai kukanki Legas, amma ba zai karanta miki sunan da ya fito a asusu ba, ba zai bi miki takardar banki layi-layi ba. Da ba don ajin nan ba, da har yau 'yar uwarmu tana ɗauke da sunan ɓarauniya. Kuma abin kunya ne a ce a Zariya, garin da kamfanin Gaskiya ya riƙa buga littattafan yaƙi da jahilci tun shekarun 1950 ana kai wa Arewa duka, a samu mace tana miƙa wa yaro waya ya duba mata kuɗinta. Fiye da rabin matan ƙungiyar nan har yanzu haka suke yi.

Saboda haka neman da za mu buɗe a wannan wata na aji ne: benci, allo, littattafai da alawus ɗin malama na shekara guda, don mata talatin su samu wuri. Babu fuskar kowa a ciki, hoton ɗakin da babu benci za mu sa. Sakatariya za ta tura saƙon bayan taro. Kowa ta aika wa mutum biyar da suka san ta, musamman tsofaffin ɗaliban da kuke da lambarsu. Saƙon da ya fito daga hannun wadda aka sani ya fi wanda aka watsa wa duniya.

Iyayen gida, mazajenmu, muna roƙon yamma biyu a sati, daga la'asar zuwa kafin magariba. Tuwo ba zai makara ba, mun yi alkawari. Matar da ta iya lissafi, gidanka ta fara yi wa amfani.

Ku kuma 'ya'yanmu, ku ne idonmu a wayar nan, mun gode muku. Amma kada a ƙara ɗora hoton wani a Facebook ko TikTok da sunan taimako ba a tambayi kwamiti ba, ko da niyyar ta alheri ce. Mu ma da niyyar alheri muka yi namu.

Waɗanda muka fara tafiyar nan da su shekara goma da suka wuce, Allah ya yi musu rasuwa, Allah ya jiƙansu, ya raya abin da suka bari. Marasa lafiyarmu na gida da na asibiti, Allah ya ba su sauƙi. Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon rufa na wasu. Wadda muka ɓata wa a cikin maganar nan ta yafe mana. A ci abinci kafin a tashi, 'yan Sabon Gari kuma motarku tana bakin titi ƙarfe biyar. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.